Tunkiya Mai Sunana a Ƙasar Tubala

Ke Tabawa, ƙawata tun muna 'yan mata masu ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, nemo tabaranki ki gyara zama. Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tubali ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, nake buɗe wannan takarda, ni Uwani, matar marigayi Malam Bawa, wadda ta koyi karatun boko a jikin kwalin ashana da takardun magani bayan ta yaye na biyar. Na yi tafiya, Tabawa. Na ga teku a tsaye kamar katanga, na ga rabin dutse, na mutu sau biyu na tashi, duk ban fita daga tsakar gidana ba. Wannan kuwa ya faru ne ranar Larabar nan da kika shigo aron rariya kika same ni ina salati, na ce miki kaina ne ke sarawa. Kan yana sarawa, amma ba shi ne dalili ba. Ki yafe mini, ga gaskiyar.

Kin san autata Furera da ke bautar ƙasa a kudu. Ranar da za ta tafi ta bar mini kwamfutarta, ta ce, "Mama, caji kawai za ki riƙa sa mata duk mako. Kada ki buɗe. In ma kin buɗe, duk abin da ya tambaye ki, kada ki ce masa e."

Na ce to.

A cikin kwamfutar akwai wani wasa, wasan kuwa ƙasa ce guda, kuma komai na cikinta tubali ne mai kusurwa huɗu: yashi tubali, ruwa tubali, gajimare tubali, rana ma da kusurwoyinta. Shekara huɗu yarinyar nan tana gini a ciki. Wata Asabar, ana saura 'yan watanni Malam ya rasu, ya ɗan ji ƙarfin jikinsa, ya ce ta ba shi ya gwada. Ina gefe ina tsintar shinkafa ina satar kallo, a nan na ga maɓallan da ake dannawa a yi tafiya. Bai gina komai ba. Tunkiya guda ya kama, ya shafa mata launin ɗorawa irin na mayafina, ya rubuta wani abu, shi da 'yarsa suka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce mene ne, suka ce ba komai. Bayan rasuwarsa Furera ta taɓa ce mini, "Mama, da wuta za ta ci ƙasar nan duka, tunkiyar Baba kaɗai zan ɗauka in gudu."

Ranar Talata ta kira ta ce tana tafe Juma'a. Muna cikin hira abin ya faɗo mini, na ce, "Wai ni Furera, tumakin nan naki, wa ke ba su ruwa?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Mama, ba sa shan ruwa."

"Wata bakwai?"

"Mama, don Allah..." Sai layin ya katse.

Abin ya tsaya mini a rai. Dabba a killace a cikin gidana wata bakwai ba ruwa, gobe a tambaye ni in ce me? In ce yarinya ce ta ce ba sa sha? Da hantsin Laraba na yi bisimilla na buɗe.

Na farka a kan wani jan gado, cikin wani ɗaki mai taga biyu. Na dubi hannuna na ga ya zama kamar guntun katako, ba yatsa ko ɗaya. Na fita. Tabawa, yarinyar nan ta yi aiki! Ga soro, ga rijiya, ga gona kore shar, ga wani dutse mai shafaffen kai can nesa da rana ke karkata wajensa. Rubutun ƙasar kuwa duk da Hausa ta saita shi, wata Hausa mai ɗingishi amma ana ganewa. A bayan soron na iske garken. Tumaki tara, takwas farare, ɗaya ruwan ɗorawa, kuma a saman kanta wani rubutu na reto a iska. Na matsa na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba.

U-wa-ni.

Na ce, "Malam! Allah ya jiƙanka, ya sa kana Aljanna, amma ka cuce ni." Tunkiyar ta juyo ta kalle ni, ta juya mini baya. Na tura ta gabas ta yi yamma. Nan na gane abin da ya ba su dariya, kuma ba zan ce ƙarya suka yi mini ba.

Na sami bokiti da gatari a cikin wani akwati, na ɗebo ruwa a rijiya, na zuba a tsakiyar garke. Ashe ruwan ƙasar ba irin namu ba ne. Bokiti ɗaya ne, amma bai san ƙarewa ba. Ya yi ta malala yana kwasar tumaki yana manna su da shinge. Na ruɗe. A can dannawar hagu fasawa ce, ta dama ajiyewa, ni kuwa na danna hagu. Shinge ya ɓalle. Takwas ɗin nan masu tarbiyya suka tsaya inda suke. Takwarata kuwa ta bi ruwa ta fice, ta miƙi hanyar daji ko waiwaye babu.

Na rufa mata baya. Ina gudu ina kira, sai wani ɗan aike ya tare mini hanya, farin allo ne mai rubutu, ya rufe rabin ƙasar: "Sabon zubi ya iso. Za a juya ƙasarki daga tsohon tsari zuwa sabo. Kin yarda?" Na tuna maganar Furera, na danna "Daga baya". Na yi taku goma ya dawo. Na sake korarsa. Ya dawo na uku, da ladabinsa, bai canza ko kalma ba. Kin san ni, Tabawa. Baƙo ya yi sallama sau uku a ƙofata in yi kamar ba na gida? Ga shi kuma ya tsaya daidai inda tunkiyar take, ba na ganinta. Na ce masa e, don ya wuce.

Ƙasa ta ɗauke gaba ɗaya. Allo ya yi baƙi, wani koren zare ya fara jan jiki, ana ƙirga: fayil na ɗaya cikin ɗari biyu da sha biyu, fayil na biyu, na uku. Na lura kowane suna yana shigowa da wutsiya iri ɗaya, baƙaƙe uku bayan ɗigo, sai a cire masa ita a liƙa masa wata. Ya tuna mini da lokacin da ƙanen Malam ya zauna ya kwashe takardun kakansu daga ajami zuwa boko, shafi bayan shafi: maganar ita ce, hannun ne daban. Sai dai shi ya bar mana na ajamin a cikin gafaka. Wannan kuwa da ya gama ya rubuto mini: "Ba a komawa tsohon tsari."

Ƙasa ta dawo, ina tsaye inda nake, ba tunkiya. Ranar can gajeriya ce, dafuwar shinkafa guda ta isa ta fito ta faɗi. Kafin ɗan aike ya zo na gan ta tana nutsewa bayan dutsen nan mai shafaffen kai. Ɗan duhu ya gilma, gari ya fara haske, na ɗaga kai. Rana tana fitowa daga bayan dutsen nan. Daga inda ta faɗi, Tabawa!

A daidai nan kika yi sallama. Kin ga yadda na miƙe na je tsakiyar gida na ɗaga kai sama ina salati? Ranarmu ta gaskiya nake dubawa. Na gan ta a inda Ubangijinta ya ajiye ta, bisa kan darbejiya, sannan numfashina ya dawo, na miƙa miki rariya. Da kika fita na koma na ga ɗan aiken ya bar takarda mai suna "Abin da ya sauya". Na karanta: an gyara hanyar rana, domin da a karkace take. An ƙara sabbin ƙasashe. Dabbobi yanzu suna... Ban ƙarasa ba na jiyo kukan tunkiya daga nesa, na rufe takardar na bi sautin. Da na sani na ƙarasa.

Na yi tafiyar yini biyu na can, ta cikin wani daji inda na sare gindin wata bishiya don in wuce, sauran jikinta ya tsaya a iska abinsa ba abin da ya dame shi. Sannan na iso iyakar duniya. Daga baya Furera ta gaya mini dalili: duk inda ƙafa ba ta taɓa takawa ba, ba a rubuta shi a fayil ba, don haka sabon zubi ya cike gurbin da abin da ya ga dama, bai tambayi maƙwabci ba. Tsohuwar ƙasa ta ƙare cak, kamar an yanka sabulu da wuƙa. Ga rabin dutse, cikinsa a waje. Ga rabin bishiya. A dama hamada an ɗinke ta da ƙanƙara, a hagu teku ya tsaya a tsaye kamar bango, kifi na yawo a jikinsa. Ƙasa da ni kuwa, zurfin tubali talatin, ga sabuwar ƙasa, kuma can cikin ciyawa ga wani ɗigo ruwan ɗorawa yana kiwo hankali kwance. Wani siririn ruwa da ke zuba daga gaɓar ta bi ta sauka.

Na ce ai jikin katako ne, me zai same shi? Na yi tsalle.

Allo ya yi ja. "Kin mutu. Za ki tashi?" Ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya zo ta'aziyya. Na danna, na farka a kan jan gadon nan hannu wayam. Na yi istigfari don kalmar ta yi mini nauyi, na tashi na yi azahar ta gaske, na dawo na sake taka hanyar tun daga farko. A wannan karon na sassaƙa matakala a jikin gaɓar, tubali ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Bokitina da gatarina na nan inda na faɗi, suna juyawa a iska suna jirana. Tunkiya kuwa ta ƙara gaba.

Na bi sawu har wani ƙauye. Mutanensa dogaye, kawunansu kamar kwali, kowa ya naɗe hannu a ƙirji. Na yi wa na farko sallama, ya ce, "Hoo."

"Bawan Allah, ko ka ga wata tunkiya ruwan ɗorawa?"

"Hoo."

"Tana da suna a ka. Sunan... ba ruwanka da sunan."

"Hoo."

Na sami wani mai doguwar riga da na ɗauka shi ne babbansu, na gaishe shi da iyali da gajiya, shi ma hoo ɗin ce. Amma na ga abu guda: wani manomi ya wuce da damin alkama, tumakin garin duk suka bi shi kamar an ɗaura musu igiya. Ashe alkama ce dusarsu. Na nemi izini a gonarsa, ya ce hoo, ban san ko e ce ko a'a ba, saboda haka duk zangarniyar da na cira sai na shuka iri a gurbinta, na kuma ƙara masa kunya biyu.

Ina cikin shukar na ji huci a bayana, irin na tukunyar wake in ta kusa tafasowa. Na juya na ga wata kabewa mai ƙafa huɗu tana kumbura tana kallona. Na buɗe baki in ce sannu. Ta fashe.

Jan gado kuma.

Da na dawo ƙauyen na tsince kayana, na iske rami inda na tsaya, bangon manomin ya tafi rabi, shi kuwa yana tsaye a cikin ɗakinsa da ba bango, hannu a naɗe. Ta dalilina aka yi masa ɓarna, ba zan wuce ba. Na gina masa da abin da na samu, ƙasa da yashi da katako, ya fito kamar zanen da aka yi wa faci. Yashin ma ya zubo mini a ka, don shi kaɗai ne a ƙasar nan ya san akwai faɗuwa. Ina gamawa wata kabewar ta ɓullo daga bayan rijiya. Wannan karon ban gaishe ta ba. Na haƙa rami tubali biyu a gabana, na ja baya ina kiranta, ta taho da saurinta ta rufta, na ɗora mata tubali a ka kamar murfin tukunya. Na ji ta tana huci a ciki. Na ce, "Ki huce a nan."

Bayan ƙauyen akwai wata fadama mai furanni, a nan na same ta. Takwarata tana tsaye a tsakiyar wasu raguna shuɗɗa, irin da babu su a tsohuwar ƙasa, shuɗi kamar an tsamo su daga ruwan baba a marina. Na ɗaga alkama, duk suka juyo. Na miƙa mata ɗaya ta ci. Wani ƙaton rago ya cuso kai yana kallona da idon yunwa, ni kuwa ba na iya ba wani abinci wani na kallo. Na ba shi shi ma.

Tabawa, a gabana. Wasu jajayen zukata suka fara tashi daga kawunansu. Suka matso suka haɗa goshi. Kafin in ce a'uzu, sai ga ɗan rago a tsakaninsu, kore shar kamar ganyen zogale, kansa ya fi jikinsa girma, yana kuka. Ba neman aure, ba waliyyi, ba shaidu, ko goro ɗaya ba a raba ba. Kuma a saman uwar sunana na reto, kowa na gani. Ni Uwani, shekara hamsin da bakwai, na fita takaba shekara biyu ke nan.

Na buɗe takardar ɗan aike na ƙarasa layin da na bari: dabbobi yanzu suna haihuwa in an ciyar da biyu tare.

Na rufe fuska na ɗan jima. Sannan na ce abin da ya faru ya faru, jariri ba shi da laifi. Na ɗaga alkama na juya gida, uwa na bina, ɗa na bin uwa, ƙaton nan kuma na bin mu duka ba kunya. Matakalata ta yi musu tsayi, sai da na sake sassaƙa ta, don tunkiyar can ba ta haura fiye da tubali ɗaya. Sau huɗu takwarata tana tsayawa a tsakiyar gaɓa ta juya tana kallon teku, ni ina riƙe da numfashi ina lallashinta da sunan da ban taɓa zaton zan kira wata halitta da shi ba. Da uwa da ɗa suka hau, na juya na dasa tubali biyu a gaban ragon. Na ce, "Kai kuma koma gidanku. In da gaske kake, ka turo manya."

Mun iso gida ana kiran la'asar a masallacin unguwarmu. Na kwashe ruwan da bokitin da ya kawo shi, na gyara shinge, na ƙirga: goma. Ranar Alhamis na zauna na ƙirga fitowar rana bakwai ta can, don ba a barin jariri ba suna. Na sami ɗan allon suna a akwatin Furera, irin wanda Malam ya yi amfani da shi. Na daɗe ina kallon ɗan koren nan mai ƙaton kai yana tsalle yana tunkuyin shinge. Na rubuta: Bawa. Ya ci sunana, na rama.

Juma'a Furera ta iso. Ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe kwamfuta. Ta ga lambar sabon zubi a kusurwa, ta ɗago a hankali.

"Mama. Kin ce masa e."

"Sau uku ya yi sallama."

Ta danna maɓallai ta ruga wajen garken. Ta ga tunkiyar ubanta tana kiwo, ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta ga koren. Ta matsa ta karanta abin da ke kansa. Na fara shirya ban haƙuri. Sai dariya ta ƙwace mata, irin ta ubanta sak, mai ƙarewa da tari, hawaye na zuba tana sharewa da bakin mayafi. Na ba ta labari tun daga bokiti har kabewa, tana cewa, "Wayyo cikina, Mama ki bari!"

Da ta nutsu ta zaro wani ɗan filashi daga jakarta. Ta ce, "Wannan ƙasar ba ta komawa tsohon tsari, amma na kwafi tsohuwar a nan kafin in tafi. Zan iya share wannan in dawo da waccan. Rana ta koma hanyarta, ba yankakken dutse, kamar ba ki taɓa shiga ba. Kuma Mama, in ba kowa a ciki komai tsayawa yake yi. Wata bakwai ɗin nan ko numfashi ɗaya ba su ƙara ba."

Na ce, "Ke kika san wannan. Bawa fa?"

"Babu shi a can. Ba a haife shi ba."

"To ba ki isa ba."

Ta kalle ni, ta kalli uwa da ɗa a cikin garke. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe gwangwanin da muke ajiye tabaran Malam da carbinsa, ta saka filashin a ciki ta rufe.

Ta koma kudu ranar Litinin. Kafin ta tafi ta koya mini yadda ake haƙa kwami a zuba ruwa ya tsaya wuri ɗaya, duk da ta rantse ba sa sha. Kullum da hantsi nakan leƙa in cika shi. Bawa ya girma, takwarata har yanzu baya take juya mini. Shuɗin nan kuwa jiya na gan shi a bakin shinge, ban san ta inda ya hauro ba, kuma shi kaɗai ya zo.

Yanzu ga roƙona, don zumuncin da ke tsakaninmu. In kin gama karantawa ki sa takardar nan a murhu. Kada ki gaya wa kowa, ko mijinki, balle matan Islamiyya. Kin san bakin Hajiya Ladidi: in ta ji da safe, kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa Uwani ta haihu, ɗan kore ne, uban kuma shuɗi. Rariyar kuwa ki riƙe ta, na bar miki.